Gefen Hagu na Karkiyar Célestin

Hamadu Ziyad yana da shekara sittin da ɗaya. Dillalin shanu ne a Garwa, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa, jikan fataken Kano. Bai yi boko ba, Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Amma in ya dubi sa sau ɗaya, yakan faɗi yankin da ya fito, daga tsagar kunnensa da tambarin wuta da ke cinyarsa.

Wannan sanin ne ya shigar da shi aikin sojoji. Ƙasashen yankin sun haɗa runduna guda don yaƙar 'yan bindigar bakin iyaka, kowace ƙasa da ɓangaren da take tsarewa. 'Yan bindigar kan kore shanu su ƙetara da su, idan an ƙwato kuma sai a rasa na wane ne. Shekara huɗu ke nan ana aiko wa Hamadu mota duk lokacin da haka ta faru.

Bana, gab da damina, an ƙwato shanu sama da ɗari biyu, aka tara su a wani fili arewa da Maruwa. Hafsoshin ƙasashe biyu sun riga sun yi yarjejeniya: mai tambari a mayar wa mai ita, marar tambari a raba biyu, kowace ƙasa ta bai wa mutanenta da aka kora daga gidajensu. Hamadu ya kwana uku yana tantancewa, talatin suka rage ba alama. Sojoji suka shafa musu fenti, shuɗi na nan, ja na ƙetare. Bayan azahar manyan motoci za su kwashe su.

A nan wani manomi daga duwatsun Mandara, Célestin Achille, ya hango sansa da jan fenti a tozo. A harin da aka kai ƙauyensu an kashe ƙanensa Landry, an kore shanun huɗarsu biyu. Mutanen dutse ba sa yi wa irin waɗannan tambari. Biyu ne kacal, a bayan ɗaki suke kwana, kowa a ƙauye ya san su. Yanzu gida biyu yake ciyarwa, ga ruwa na shirin sauka.

Kaftin ɗin ƙetare, wanda ke jin Hausa sosai, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya juyo wajen Hamadu.

"Baba, ni ma ɗan manomi ne. Amma mun sa hannu, mu da su. In aka cire ɗaya don mutum ya buɗe baki, gobe a can za a cire goma."

Hamadu ya shafa wuyan san, ya ji kantar da karkiya take bari.

"Célestin, ina karkiyarka?"

"Tana gida, Alhaji. Wa zan ɗaura wa?"

"Hau babur ka ɗauko ta."

Zuwa da dawowa awa biyu ne. Hamadu ya ce sai ya sake duba na jan fenti ɗaya bayan ɗaya kafin a loda. Azahar ta wuce yana nan yana buɗe bakin dabbobi.

"Baba, saniyar nan sau uku kana ƙirga haƙoranta," in ji kaftin. "Aurenta za ka nema?"

"Ranka ya daɗe, a shekaruna ba a neman aure da gaggawa."

Da Célestin ya dawo, Hamadu ya tara hafsoshin biyu ya bayyana musu cewa shanun huɗa ba sa canja gefe, na dama dama, na hagu hagu, har su tsufa. Ya sa Célestin ya faɗi gefen nasa kafin a gwada. Ya ce dama. Aka rubuta.

Célestin ya tsaya a bakin fili, ya ɗaga karkiyar, ya yi fiton da yake yi musu kowace safiya. San ya fito daga cikin garke, ya zagayo, ya tsaya a dama, ya sunkuyar da wuya. Sai ya juya kai hagu, yana jira. Babu wanda ya fito. Célestin ya ce Landry ne ya saba jan na hagun.

Hafsoshin suka sa hannu. Don kada rabo ya karkata, aka ɗauko wata karsana mai shuɗin fenti aka shafa mata ja.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Célestin ya kwaso iyalinsa da na ƙanensa zuwa Bibémi, inda danginsu suka ba shi gona. Tun daga lokacin Hamadu ke bin kasuwanni yana shafa wuyan shanu, yana tambayar masu su gefen da suka saba, yana neman wa Célestin na hagu. Na dama sun fi yawa, in ji shi, bai san dalili ba.

Makon jiya, a kasuwar Bibémi, ya sami wani baƙin sa. Ya sa aka ɗaura shi a hagu a karkiyar aro, aka ja kunya ɗaya da garma, ta fita miƙe. Ya ciro waya ya kira Célestin, ya ce ya taho da karkiya.