Misalin da Na Kafa da Mahaifina

Edita, ina yi muku sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni matashiya ce mai karatun digiri na biyu a fannin harshen Turanci a nan Lafiya, kuma gaskiya ina ji da kaina. Idan mutum yana magana, ba abin da yake faɗa nake saurare ba, kuskurensa nake jira. Limami in ya sa Turanci cikin wa'azi, ko mai karanta labarai a rediyo, ko mai shagon magani, duk sai na gyara musu a zuciyata, wani lokaci har a fili. Ƙawayena suna tsokanata da cewa ko gaisuwa aka yi mini sai na ba ta maki. Ni kuwa a wancan lokacin yabo na ɗauke shi.

Mahaifina tsohon malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Adogi. Bagwandare ne, ya taso da yarensu da Hausa, sai da ya girma ya koyi Turanci, kuma ba shi da abin taƙama da ya wuce wannan Turancin. Shi ake kira ya yi tafinta idan baƙi sun zo daga sakatariya. Bayan ya yi ritaya ma bai zauna ba, kullum bayan la'asar yaran unguwa suna taruwa a ƙofar gidanmu yana koya musu karatu kyauta. A kan cinyarsa na fara haɗa baƙi. Sai dai kamar yawancin mutanenmu, harshensa bai rabe "p" da "f", kalmar takarda ta Turanci "fefa" yake ce mata, mutane kuma "fiful". Ina ƙarama ban taɓa jin wannan a matsayin aibi ba, sai da na shiga jami'a kunnena ya fara ƙaiƙayi.

Binciken da na zaɓa a kan yadda harshen uwa yake lalata furucin Turanci ne, haka na rubuta shi, lalatawa. Malamin da ke duba aikina ya ce in naɗo muryoyin mutane suna karanta wani ɗan rubutu, in fito da kurakuransu. Na rasa wanda zai tsaya mini, domin mutanen gari da sun ga waya a gaban bakinsu sai su noƙe. Sai na tuna da Baba. Na je gida ranar wata Asabar, na same shi yana gyaran doyar iri, na ce masa a makaranta an ce mu kawo muryar wani mai Turanci, ni kuma da shi nake so in kafa misali. Kowa ya san abin da Bahaushe yake nufi in ya ce za a kafa misali da mutum, kuma ni ma na sani. Na ga fuskarsa ta washe, na gane abin da ya fahimta, na kuma bar shi a kai, don na san in na faɗi gaskiya aikina zai tsaya. Ya shiga ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, duk da na ce masa murya kawai za a ɗauka. Ya zauna ya gyara tabarau, ya karanta rubutun a tsanake kamar yana gaban sufeto. Da ya gama ya tambaye ni ko ya yi daidai, na ce masa ya yi sosai.

Da ranar gabatar da aikina a gaban malamai da ɗalibai ta matso, mahaifiyata ta tambaye ni ranar a waya don ta yi mini addu'a, na faɗa mata ban kawo komai a raina ba. Ɗakin taron ya cika, an sauke labule saboda majigi, ni kuma hankalina yana kan malaman da ke layin gaba. Na kunna muryar, na kira mai ita da sunan mai magana na ɗaya. Ina tsayar da ita a kan kowace kalma, ina nuna inda harshe ya zame. Da aka zo kan "fiful" sai ɗakin ya fashe da dariya, wani daga baya ya kwaikwaya, wani malami ya ce in sake kunnawa, na sake. Dariyar nan ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ita ta ɗebe ni har na ƙara abin da babu shi a takardata, na ce wannan mai magana yana wakiltar tsofaffin malaman ƙauye waɗanda ba su ƙware ba, waɗanda suka shekara suna shuka kuskure a bakin yara. Aka tafa mini. Ana cikin tafin ne aka buɗe ƙofar baya, haske ya shigo, na hango dattawa uku suna fita a jere. Na ƙarshensu na sanye da rigar da na sani.

Ban san yadda na amsa sauran tambayoyin ba. Daga baya na ji cewa tun ranar da na naɗi muryarsa Baba yake gaya wa mutane za a kafa misali da shi a jami'a, kuma ya gayyato aminansa biyu da suka yi koyarwa tare, suka shigo motar safe don su ba ni mamaki. Su ma duk sun ji abin da na faɗa, kuma Turancin da na raina ya ishe su su fahimci kowace kalma.

Na same shi a bakin ƙofar makaranta shi kaɗai, aminan sun matsa gefe sun ba mu baya. Na durƙusa a gabansa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya yi mini barka da Hausa, ya ce ya ga malamai sun yaba, Allah ya sa albarka. Ya miƙa mini ƙullin gyaɗar da mahaifiyata ta aiko. Sai da ya juya zai tafi ya ce abu ɗaya kawai, wai da na gaya masa irin misalin da za a kafa, da zai karanta mini duk da haka, amma da shi kaɗai zai zo.

Na bi shi gida a ƙarshen makon na nemi gafara ina kuka, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Amma karatun la'asar ya tsaya. Da iyayen yara suka zo tambaya, ya ce musu idonsa ne ya yi rauni. Mahaifiyata kuwa ya gaya mata ba ya so ya ci gaba da ɓata bakin 'ya'yan mutane. Na yi ta ƙoƙarin nuna masa cewa su kansu masana ba su ɗauki irin furucinsa a matsayin lalacewa ba, kowace al'umma da yadda take lanƙwasa baƙon harshe, abin da na karanta tun a aji amma iyayi ya hana ni gani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce to madalla, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Na samu digirin, yanzu ma koyarwa nake yi, sai dai ban taɓa iya rataye shaidar a bango ba. Abin da na koya shi ne ilimin harshe bai hana ni cutar da mutum da kalma ɗaya ba, shi ne ma ya nuna mini kalmar da zan ɓuya a bayanta. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu bincike, duk wanda za ku ɗauki muryarsa ko labarinsa, ku gaya masa gaskiyar abin da za ku yi da shi, ko da zai ƙi. Kada ku faɗi wata magana a kan mutum a ɗakin taro wadda ba za ku iya faɗa yana zaune ba. Baba yana nan da ransa, muna gaisawa lafiya. Kwanan baya 'yata ta kai masa littafinta na makaranta ta ce ya karanta mata. Ya karɓa, ya daɗe yana kallon shafin, na ga leɓensa yana motsi. Sannan ya rufe ya mayar mata, ya ce ta kai wa uwarta, ita ce ta iya.