Yaya Saratu da Tekun Lokacin Sanyi

A watan nan Yaya Saratu ta cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake in raba wa maƙwabtanmu a unguwar Faisal, in yi mata addu'a, in koma harkokina. Bana shirun ya ƙi zama a bakina. Kwas ɗin da ta kafa a nan Alƙahira, na horar da ma'aikatan da za su taimaki mutanen bakin teku su rayu da sauyin yanayi, yana nan yana gudana, har an sa wa zauren karatun sunanta. Sai dai an ɗauke shi daga lokacin sanyi an mayar da shi lokacin zafi, kuma da wannan ɗan sauyin wata aka cire masa abin da ta gina shi a kai. Nan da 'yan makonni ma'aikatun da ke turo ɗalibai daga ƙasashenmu za su faɗi watan da suke so na baɗi. Shi ya sa na kawo maganar shafin jarida.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni sosai, har baƙi kan ɗauka ita ta haife ni. A Funtuwa muka tashi, inda ruwa mafi girma da muka sani shi ne na madatsa. Ta zo jami'a a Giza ta karanta injiniyancin ruwa, aka kai ajinsu Iskandariyya yawon karatu, ta ga teku, daga nan ba ta sake duban wani abu ba. A gida an sha yi mata dariya. Kawunmu yakan ce a duk faɗin dangi an rasa wanda ya iya iyo, amma ga shi an samu mai gadin teku. Da na gama sakandare ta ɗauko ni na zo na karanta harsuna, kuma yau ni ce tafinta a cibiyar da ta yi wa aiki. Abin da malami ya faɗa da Larabci nakan juya shi Turanci, wani lokaci Hausa, domin cikin ɗaliban da ke zuwa daga Afirka ta Yamma ba a rasa 'ya'yan zango.

Misirawan bakin teku suna da wata kalma, nawwa. Ita ce guguwar da kan taso daga Bahar Rum a watannin sanyi, ta zo da ruwan sama da igiyoyi masu tsayi, ta kwana biyu ko uku tana dukan gaɓa. Masunta sun san jerinsu, kowacce da sunanta, akwai ma wadda suke kira Tsintsiya. A kan waɗannan guguwoyi Yaya ta ɗora kwas ɗinta. Ɗalibai su yi makonni a aji suna koyon awon gaɓa da hawan gishiri cikin gonaki da yadda ake zama da mutanen ƙauye a yanke shawarar ko a tare ruwa ko a matsa masa. Sannan ta zuba ido ga hasashen yanayi. Ranar da aka ce nawwa na tafe, sai ta ce, "Yalla, kowa ya ɗauko rigar sanyinsa." A cika mota a nufi wani ƙauyen masunta kusa da Baltim.

Na bi su sau ɗaya, ina shekarar farko a jami'a. Ban taɓa ganin sama ta sauko ƙasa haka ba. Teku ya rikiɗe ya yi kalar toka, yana ɗagowa kamar gini yana rushewa, kumfa na tashi tana faɗo mana a fuska da ɗanɗanon gishiri. A bakin gaɓa akwai manyan tubalan siminti da aka jera don tare ruwa, waɗanda a hoto za ka rantse ba abin da zai ƙetare su. Muna tsaye igiya ta hau kansu ta wuce kamar ba a ajiye komai ba, ta shiga lungun gidaje. Yaya ba ta yi bayani ba. Ta bar mutane suna kallo kawai.

Cikin ɗaliban akwai wani babban darakta, dattijo, ya sa babbar riga a kan rigar sanyi yana rawar ɗari. Iska ta nemi hularsa.

"Alhaji, a riƙe hular nan da kyau," in ji Yaya. "Tekun bai san darakta ba ne."

"Dakta, ke da Allah," ya ce. "Mun zo karatu ko mun zo kaffara?"

"Duka biyun. In ka auna teku ranar da yake kwance, katangar da za ka gina ma ta ranar kwanciya ce."

Daga nan muka shiga gidan Ummu Sayyid, matar da ke saukar da ɗaliban kowace shekara. Ta ba mu shayi mai zafi, ƙafafunmu cikin ruwan da ya shigo tsakar ɗakinta, ta ci gaba da hira kamar ba komai, domin tun safe ta ɗora buhunan gari a kan gado. A nan aka yi darasin ranar, kan yadda iyali ke shirya wa ruwa, me suke ɗagawa, me suke bari, yaushe suke cewa ya isa a tashi. A hanyar komawa, da muka kusa Giza, daraktan nan ya juyo wurin Yaya. Ya ce akwai wata makaranta da ya sa hannu a gina a bakin gaɓa a ƙasarsu, in ya koma zai sake duba wurin.

Ciwon Yaya bai ja lokaci ba. Ta kwanta da kaka, kafin nawwar farko ta waccan shekarar ta iso mun kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ba wanda ya zauna ya ce a rushe aikinta. A hankali abin ya zame. Wata ma'aikata ta rubuto cewa jami'anta sun koka da sanyin Masar. Wata ta ce lokacin zafi ya fi, saboda yara na hutun makaranta, jami'i zai iya zuwa da iyalinsa, uwargida ta ga likita, a shiga kasuwa. Aka ce a gwada shekara ɗaya. Gwajin nan shi ne har yau. Ana kai ɗalibai bakin teku kamar da, ƙauyen nan dai, tubalan nan dai. Amma yanzu in mun isa, gaɓa cike take da lemomin inuwa masu launi-launi da masu gasa masara, yara na wasa da yashi, tekun kuwa shimfiɗe yake shuɗi, yana lasar ƙafafun mutane. Malami ya nuna tubalan ya ce ga abin da ke kare ƙauyen, ni kuma in fassara, ɗalibai su ɗauki hoto. Nakan ji kalmomin suna fita daga bakina daidai, ba kuskure ko ɗaya, kuma na san abin da ke shiga kunnuwansu ba gaskiya ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo, kuma sai bana na gan shi da idona. Lokacin zafin Masar shi ne daminar ƙasashenmu, lokacin da tekunmu na can yake haukansa. Wato mukan ɗauke ma'aikaci daga gaɓarsu a watannin da ya kamata ya tsaya ya ga abin da ruwa ke yi wa mutanensa, mu kawo shi gaɓar wasu a watannin da ba abin gani. Ya koma gida bai ga fushin ko ɗaya ba, da takardar shaida a hannu.

Cikin ɗaliban bana akwai Rakiya, jami'ar tsara garuruwa, haifaffiyar zango a wata ƙasa maƙwabciyarmu. Hausarta mai daɗi ce, tana jan kalmomi. Ita aka ɗora wa ba da shawara kan wani ƙauyen masunta, ko a yi masa katangar duwatsu ko a taimaki mutane su matsa ciki. Ranar da muka je Baltim muna tsaye gaban tubalan, wayarta ta yi ta ƙara. Ta koma gefe ta ɗauka. Na ga ta zauna a kan yashi, sai na bi ta.

"Lafiya, Anti Rakiya?"

Ta miƙo mini wayar. Hotuna ne aka turo mata. Teku ya shiga ƙauyen nata, ya kwashe murafun da mata ke ƙyafe kifi, ya ci gefen maƙabarta. Maza na tsaye cikin ruwa har gwiwa suna ƙoƙarin tattara abin da ya fito.

"Ƙanwata," ta ce, "dubi inda nake. Ga mai masara, ga mai balan-balan. In na koma me zan ce musu na gani?"

Bayan kwana biyu ta hau jirgi, kwas bai ƙare ba. Dokar cibiya ta ce wanda bai cika kwanakin aji ba ba shi da takarda, don haka ba a ba ta ba.

Na je ofishin Injiniya Tukur a unguwar Mohandessin. Shi ke riƙe da kwas ɗin yanzu, abokin aikin Yaya ne tun suna ɗalibai, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarta. Har yau Auta yake ce mini, kamar yadda take kirana. Na faɗa masa duk abin da na rubuta a sama, duk da ban saba da gardama ba.

"Auta, kina tsammanin ban sani ba?" ya ce. "Ni na riƙa tuƙa motar nan cikin ruwa. Amma in na sa Janairu, kujerun za su zauna ba kowa. Kwas ɗin da ba ɗalibai rufe shi ake yi. Ma'alish, sai haƙuri."

"To a bar shi ya zama yawon shan iska, Injiniya?"

"Za mu nuna musu bidiyon nawwa a aji. Muna da masu kyau."

"Da na'urar sanyaya ɗaki a kunne."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Daga baya ya ce, "Kawo mini ma'aikata ɗaya tak da za ta rubuto ta ce tana son lokacin sanyi. Ɗaya. Da ita zan shiga gaban kwamiti in yi faɗan."

Na sauko na hau ƙaramar bas ɗin haya zuwa Faisal ina ta tunanin me Yaya za ta ce da tana nan. Na san ba za ta zagi Injiniya ba, ta san nauyin riƙe abu kada ya mutu. Ina jin da za ta tsaya gaban allon da aka rubuta sunanta a ƙofar zaure, ta karanta, ta tambaya ko an samo hasashen yanayin makon nan. Abin da zai fi ɓata mata rai shi ne ɗaliban ba su da laifi. Mutane ne masu ƙwazo, suna rubuta duk abin da aka faɗa, suna tambaya. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini tubalan Baltim sun burge ta, za ta ba da shawarar a yi irinsu a garinsu. Na buɗe baki in ce mata ta dawo a Janairu ta gan su, sai malami ya ci gaba da magana, ni kuma na ci gaba da fassara.

Na kira Rakiya na gaya mata sharaɗin Injiniya. Ta yi murna, ta ce ma'aikatarsu ce za ta zama ta farko, ai sun ga abin da ya faru. A makon jiya ta kira ni. Ta kai maganar gaban shugabanta, ya saurare ta da kyau, ya yaba. Sannan ya ce baɗi shi da kansa yake son zuwa kwas ɗin, kuma likita ya hana shi shiga sanyi. Game da ƙauyen kuwa, a taron da aka yi ta ce a fara shirin matsar da gidajen da ke gaba, wani ya tambaya ko ba ita ce wadda ba ta gama kwas ba. Aka karɓi shawarar katanga.

Duk a waya take ba ni labarin, ni a Alƙahira ita a can. Ina jin ƙarar ruwa a bayanta, ban tambaya ko na sama ne ko na teku ba.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Saratu bayan shekara bakwai, nakan rasa inda zan ajiye ma'aunin. Littattafan da ta tsara ana karanta su, zaurenta ana share shi kullum. Ummu Sayyid, wadda yanzu ta koma gidan ɗanta a cikin gari saboda ɗakin nan nata bai sake bushewa ba, har yau in ta gan ni sai ta tambaya yaushe mutanen doktora za su dawo zuwa da sanyi. Amma taurin kan nan nata, na sai mutum ya tsaya ruwa ya dake shi kafin ya sa hannu a kan makomar ƙauyen wasu, ban same shi a cibiya ba, ban same shi sosai a kaina ba. A wurin Rakiya na gan shi, matar da ba ta taɓa haɗuwa da Yaya ba, wadda kuma a takardunmu ba a lissafa ta cikin waɗanda aka horar.

Na san cikin masu karanta shafin nan akwai waɗanda ke sa hannu a takardar tura jami'ai karatu Masar. Ba na roƙonku komai mai wuya. In takardar zaɓen wata ta iso teburinku, ku rubuta Janairu, ku saya wa mutanenku rigar sanyi. Injiniya Tukur ya ce ma'aikata ɗaya ta ishe shi. Jiya da zan tashi daga aiki na leƙa ofishinsa na tambaya, ya girgiza kai, har yanzu ba wadda ta rubuto.