Giwan Ruwan da Maliki Bai Kama Ba

Maliki taubashina ne, uwata da ubansa cikinsu ɗaya, saboda haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma na daɗe ina amfani da shi. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Shi kuwa mai bandar kifi ne a bayan kasuwa, har gobe yana nan. Idan ka taɓa bi ta wurin hayaƙi ya sa ka hawaye ba a yi maka mutuwa ba, to nasa ne.

A gidan masunta aka haife shi. Ubansa, Kawu Hodi, masunci ne na gasken gaske, irin waɗanda ke nutsewa har ka fara salati, sai su ɓullo da giwan ruwa a rungume. Maliki ne kaɗai ɗansa namiji, kuma Allah cikin ikonsa bai ba shi sa'ar ruwa ba. Ba tsoro yake ji ba, iyo ma ya iya daidai gwargwado, kifi ne dai ba ya shiri da shi. Muna yara za a shiga ruwa da homa, ragar hannun nan ta masuntanmu, kowa ya fito da na miya, shi ya fito da ciyawa da 'yar karfasa guda. Ni na raɗa masa Sarkin Ciyawa, sunan kuma ya bi shi. Kawu Hodi bai taɓa dukansa a kan wannan ba, bai taɓa zaginsa ba. Kallonsa kawai yake yi ya kau da kai, kuma ni da na sha ganin kallon nan na san gara duka.

Da ya girma sai ya haƙura da ruwa ya koma banda, a nan kuwa Allah ya buɗa masa. Kifinsa yana daɗewa bai yi tsutsa ba, ƙamshinsa kuma daban ne. Da banda ya auri matarsa Laure, da ita ya rufe wa ubansa ɗaki da kwano. Kawu Hodi ya ci ya sha a cikinta, amma idan baƙo ya tambaye shi sana'ar ɗansa sai ya ce, “Shina nan dai, shina taɓa kasuwa.” Abin yana cin Maliki, ko da yake bai taɓa faɗi ba.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun irinmu, wata hajiya mai otal a Abuja ta zo bikin kamun kifi ta sayi bandarsa. Ta yaba ƙwarai, sannan ta tambaye shi ko yana da shafi a intanet, domin masu otal da mutanen ƙasashen waje can suke dubawa yanzu. Maliki bai san ko intanet a buhu ake sayar da ita ba, amma maganar ta shige shi. Ya dame ni, safe da yamma, har na gaji na ɗauke shi a gidan gaba na kai shi Birni.

Shagon da na sani na wata mata ce, Hope. Iyayenta mutanen Filato ne amma a Birnin Kebbi ta tashi, kwamfutocinta suna jere ɗalibai na ta danne-danne. Ƙanenta Felix ne mai gina shafi, bai daɗe da gama makarantar kimiyya da fasaha ba. Mutumin kirki ne, sai dai zumuɗi ya yi masa yawa.

“Oga Maliki, shago ne zan gina maka,” in ji Felix, “amma wanda ba a rufewa. Kana barci a Argungu, mutum yana Legas yana kallon kifinka.”

“To Malam Felis, wa ka tsaron shi?”

“Ba ya bukatar mai tsaro. Hoto kawai nake so, mai kyau.”

Suka shirya, Felix ya zo Argungu da kyamara. Ya ɗauki murhun banda, ya ɗauki kwanduna, ya duba ya yamutsa fuska. Komai baƙi, in ji shi, ga hayaƙi, ba wanda zai ga wannan yawunsa ya tsinke. Ana cikin haka motar Yawuri ta iso da ɗanyen kifi a ƙanƙara. Duk mai banda a garinmu yana sayo kifi daga Yawuri idan ruwa na rufe, ba abin ɓoyo ba ne. A cikin kayan ranar akwai wani giwan ruwa da sai mutum biyu suka sauke shi. Felix na ganinsa ya ce ga hoton nan, a kai shi bakin kogi.

Duk ɗan Argungu ya san ruwan Matan Fada a rufe yake. Ba a sa masa homa, ba a sa masa ƙugiya, sai ranar bikin kamun kifi da ake buɗe wa kowa lokaci ɗaya. Wanda ya saci kifi a cikinsa duk garin ya sata, kuma sunan ba ya tsayawa a kansa, har gidansu yake shafa. Maliki ya san wannan sarai.

“Ruwan ga ruhe shike, Malam Felis.”

“Ai ba kamawa za ka yi ba, Oga. Tsayawa kawai za ka yi, in ɗauka mu tafi.”

Ina hanyar Birni a lokacin, da ina nan da ko da kokawa na hana. Da tsakar rana, zafi ya kori kowa, suka ɗora kifin a babur. Maliki ya ɗauko tsohuwar homar ubansa da ke rataye a zaure, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya rungumi giwan ruwa yana dariya. Ni dai na ce ba don Felix ne Maliki ya shiga ba. Ya so ya ga kansa a haka ne, ko da sau ɗaya.

Shafi ya kammala, kuma a gaskiya ya yi kyau. Ga sunansa, ga lambar wayarsa, ga hoton nan a sama ya cika fuskar kwamfuta. A ƙarƙashi Felix ya rubuta da Turanci cewa da hannunsa ya kama shi a Argungu, don abin ya ƙara armashi. Ya kuma buga masa hoton a babbar takarda mai launi ya ba shi kyauta. Maliki ya naɗe ya kawo gida da niyyar ya jefa ƙasan akwati. Laure ta gani, ita kuwa ba ta san yadda aka yi ba, murna ta kama ta, ta kai wa surukinta.

Idon Kawu Hodi ya riga ya yi rauni. Ya kai takardar har bakin hancinsa, ya bi kifin da yatsa daga kai zuwa wutsiya, ya gane homarsa. Ya sa aka kira Maliki.

“Kai na nan?”

“Ni na, Baba.”

Tsoho ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi. “Ashe jinin na nan. Makara dai yay yi.” Ya kama hannun ɗansa ya riƙe, ya ƙi saki.

A nan ne ya kamata Maliki ya buɗe baki, bai buɗe ba. Washegari a mota na sauke masa kwandon faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Taubashi, tun da nike ban taɓa ganin haƙoran Baba sabili da ni ba.” Na ci gaba da tuƙi.

Kawu Hodi ya sa aka kafa hoton a zaure. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya shigo ya gani, har mai tallan goro bai tsira ba. Ya daina cewa ɗansa na taɓa kasuwa. Ana haka wani tsohon abokin kamun kifinsa mai suna Yari ya zo gaisuwa, shi kuwa idonsa garau. Bai kalli kifin ba ma, abin da ke bayan Maliki ya kalla, gaɓar ƙetare da itatuwanta.

“Hodi, wanga wuri ai Matan Fada na. Kuma dubi ruwa, cike shike, ba lokacin su na ba.”

Kafin la'asar magana ta gama gari. Ɗalibai 'yan garinmu da ke karatu a Birni suka buɗe shafin suka dawo da ƙarin bayani, cewa ga shi a rubuce, shi da kansa ya shaida wa duniya. Masuntan da ke kawo masa kifi suka daina tsayawa a rumfarsa. A masallaci a gaisa da shi da yatsu biyu.

Dattawan masunta suka kira shi. Kawu Hodi ya ce sai an je da shi, aka riƙe masa hannu har wurin. Ni ma na ajiye mota na bi su, domin na san hanya biyu ce kawai. Ko Maliki ya yi shiru a kira gidan Hodi gidan ɓarayin ruwa, ko ya yi magana ubansa ya ji. Maliki ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce:

“Kihin Yawuri na. Saye niy yi. Ban kama shi ba, tsayawa kawai niy yi anka ɗauka.”

Wani daga baya ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Aka nemo wanda ya kawo kifin ya tabbatar. Dattawa suka ja masa kunne a kan shiga rufaffen ruwa da homa, suka ce ba sata, a tashi. Mutane suka watse suna raha, kamar an gama kallon wasa. Aka riƙe wa Kawu Hodi hannu aka mai da shi gida. Ya lalubi bango ya cire hoton da hannunsa, bai yaga ba, ya miƙa wa ɗansa.

“Wanga na hannuna, na cire. Wancan da kac ce duniya duka na gani, tahi ka cire shi. Ban son wani masunci can wata ƙasa shi ga homata bisa ƙarya.”

Da sassafe muka kama hanyar Birni, muna ganin aikin ɗan lokaci ne. Muka iske Felix ya tafi hidimar ƙasa can kudu. Hope ta kira shi a gabanmu. Da ya ji abin da ya faru ya rikice, yana ta ba da haƙuri, ya ce wallahi bai san al'adar ta kai haka ba. Sannan ya faɗi abin da ya kashe mana jiki. Ba shi ya yi wa shafin rajista ba, wani abokinsa ne a Legas, lambar sirrin da ake shiga a canja abu tana hannun abokin, abokin kuma ya bar ƙasar. Felix ya yi alkawarin nemo shi, kuma na yarda ya nema. Hope ma ta yi iya ƙoƙarinta, ta aika saƙo duk inda ta san za a aika, ba amsa. Shagon da aka ce ba a rufewa, ga shi mai shi yana so ya rufe ya kasa.

Abin haushi, shafin yana aiki. Waya ta riƙa shigowa daga Abuja, daga Legas, ana neman mutumin nan mai babban kifi. Maliki da ya ji an ambaci hoto sai ya kashe wayar. Na ce masa kai wawa ne, kasuwa ta zo har ƙofa kana korarta. Ya ce ba shi suke nema ba, wancan na cikin hoto suke nema.

Duk sati sai ya bi ni Birni ya leƙa shagon Hope. Kawu Hodi ya gane ƙarar motata, da na tsaya a ƙofar gida zai ɗago kai daga tabarma.

“An cire?”

“Ba a cire ba, Baba.”

Sai ya mayar da kai. Ba faɗa, ba ƙorafi, tambayar ke nan kullum. Na ja Maliki gefe na ce, don Allah ka ce masa an cire. Tsohon nan bai taɓa ganin kwamfuta ba, ba kuma zai gani ba, wa zai ƙaryata ka? Ka ba shi kwanciyar rai mana.

“Da shiru kaɗai niy yi mai ƙarya sau guda,” in ji shi, “ka ga inda tak kai mu. Ba ni ƙarawa da baki.”

Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, har yanzu ma ban gama yanke wanda ya fi gaskiya tsakanina da shi ba. Da damina ta sauka ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu Hodi. Maliki ya bar banda a hannun Laure, shi ke tayar da shi, shi ke ba shi kunu a baki. Ran da zai cika, da hantsi, ina zaune a bakin ƙofa, na ji tsoho ya yi tambayarsa, muryar ta kusa ƙarewa. Na zuba wa Maliki ido, ina roƙonsa ba tare da na yi magana ba. Hawaye na zuba a fuskarsa, ya sunkuya daidai kunnen ubansa ya ce ba a cire ba. Kafin azahar muka yi rashi.

Bayan an yi arba'in da 'yan kwanaki, ina lodi a tashar Birni sai ga Hope ta zo nemana da kanta. Ta ce wa'adin shafin ya cika, ba wanda ya sabunta, ya sauka da kansa. Washegari na kawo Maliki. Ta buga adireshin a gabansa, kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta nuna fari fat, ba suna, ba kifi. Ya ce ta sake bugawa, ta sake. Ya yi mata godiya sosai, ya ce ta gai da Felix, ta ce masa ba komai.

Muka juyo gida, ni da shi kaɗai, ban ɗauki fasinja ba. Na taka mota yadda na saba, shi kuma yana kallon fadamun shinkafa ta taga. Sai da muka wuce Ambursa ya dafa mini gwiwa.

“Rage gudu, taubashi. Babu wanda ka jiran labarin ga.”