Kwanon da ke Tsallaka Katanga

Shekarar korona, azumi a kulle ya same mu. An rufe Dutsin-Ma ba shiga ba fita, an hana cin kasuwa, an sallami ɗaliban jami'a, mu ma malaman firamare aka ce kowa ya zauna gida. Mai shagon bakin layinmu tun yana cewa gobe motar kaya za ta zo, har ya gaji ya daina yi mana ƙarya. Ba sukari, ba man gyaɗa, ba taliya, kanta wayam sai ashana da sabulun wanki. Ni dai ban taɓa jin wanda ya yi buɗa-baki da sabulu ba.

Ana cikin haka ga Inna, mahaifiyata, a gidana. Daga Rawayau ta zo ganin likita kan hawan jini, kulle ya rutsa da ita. Likita ya ce ta ajiye azumi, ta ce shi ya ajiye nasa. Maganinta kuma ba a shansa da cikin wofi, ga shi tuwo tsaya mata yake a ƙirji, ba abin da ke wuce mata sai alala da kunu. Don haka ɗan waken da yayana ya aiko daga Kurfi a kan babur ta hanyar daji, na ɓoye shi ƙarƙashin gado, na ce ko 'ya'yana ba su da rabo a ciki. Lissafina shi ne ya kai Inna sallah.

Ashe ban sa ciyayya cikin lissafin ba.

Maƙwabciyarmu, uwar 'yan biyu, awara take soya wa ɗalibai a da. Ɗalibai sun watse, mijinta direba ne kulle ya tare shi a kudu. Amma kullum la'asar sakaliya sai ga kwanonta an rufe da faifai, kwaɗon zogale a ciki, na bishiyar tsakar gidanta. Kwano kuwa ba ya komawa fanko, kowa ya san wannan. Da farko kwaɗon har da ƙuli. Daga baya ya koma zogale da gishiri. Mu kuma mu mayar da shinkafa da mai. Raina ya soma ɓaci, don ko makaho ya san wanda ke faɗuwa a wannan cinikin.

Malam, maigidana, shi ya yi mini maganin abin ba tare da ya sani ba. Tun da cutar ta shigo ya zama ɗan aiken rediyo. Ya girke bokiti da sabulu a zaure, yana sa takunkumi ko ban-ɗaki zai shiga. Ya kafa doka: ba kwanon da zai ƙara shigowa ko ya fita ta ƙofar gidansa. A raina na ce Allah ya yi wa rediyo albarka.

Washegari na fito madafa na iske Inna a gindin katanga riƙe da gorar da muke kaɗo mangwaro, kwanon maƙwabciya na reto a bakinta, ɗaure cikin tsohon ɗankwali.

"Inna, mene ne haka? Ba ki ji abin da Malam ya ce ba?"

"Na ji shi sarai. Ta ƙohwa ya ce. Wagga ƙohwa ce?"

"Cutar fa?"

"Hannu aka ce kar a gama. Ke kin ji an ambaci gora?"

Malam ya leƙo, ya ga surukarsa ce, ya gyara takunkuminsa ya koma ɗaki. Doka ta mutu a nan.

Na ce to, ni dai ba zan ƙara zuba komai ba, mai son ciyayya ya nemi abin ciyayya. Kwano ya ci gaba da zuwa yana komawa, ban tambayi da me ba. Sai ranar da jiri ya kwashe ta wajen alwala, na tare ta da ƙyar, na ji ta a hannuna kamar kara. A ranar na gane. Alalar da nake kai mata ɗaki ita ke haura katanga, Inna kuma ta haɗiyi magani da kunu tsararo.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce waken nan na hana 'ya'yan cikina, ba don unguwa na ɓoye shi ba. Na ce in ta faɗi a gidana me zan gaya wa yayana, kuma wane asibiti zai karɓe mu a wannan marra? Ta bari na gama tsaf, ta ce, "Kin gama? To miƙo mani buta."

Daga nan na koma gadi. In na kai mata alala sai in zauna in zuba mata ido har ta cinye, ita tana harara ta, ni ina harararta.

Sai kuma kwanon ya daina zuwa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Inna kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. La'asar na yi za ta ja tabarma gindin katanga, tana jan carbi tana kallon zogalen maƙwabciya da ya leƙo ta sama. An tsige shi tas, ya koma sanduna. Da abin ya ishe ni na ce, "In dai don ki bar ni in huta ne, bari in zuba tuwo a kwanonmu in miƙa mata."

"Ki aika mata da kwano ta rasa abin da za ta sako maki? Ashe ba ki da hankali."

Ta miƙe ta dafa katanga, ta ɗaga murya.

"Uwar 'yan biyu! Kina kusa?"

Daga bayan katanga aka amsa. "Na'am, Inna. Ina wuni?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Kanwarmu ta ƙare. Ɗan ɗebo mani toka a kwanonki in tace, miya na jira."

Na riƙe baki. Kanwa cike da gwangwani a madafa, murhunmu kuma toka har ta yi mana yawa. Tsohuwa da azumi a bakinta tana shirga ƙarya, ni kuma an bar ni da riƙon gora.

Kwano ya hauro, an rufe shi da faifai kamar kullum. Inna ta kwance ɗankwalin, ta tsoma yatsa cikin tokar. Ta kamo hannuna ta tura ciki.

Sanyi ƙalau. Ana gab da kiran magariba, cikin azumi, lokacin da ko'ina hayaƙi ke tashi, tokar murhun mai 'ya'ya ta yi sanyi kamar ƙasar gindin randa.

Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan ji wa. Cutar, ko masu kulle, ko matar da za ta kwana da yunwa da 'ya'yanta, katanga ɗaya tsakaninmu, amma ta kasa buɗe baki don ba ta da ganyen da za ta rufe kwano da shi. Na juye tokar, na wanke kwanon, na cika shi da tuwo, na ɗora alala a kai. Na shiga ɗaki na jawo waken ƙarƙashin gado, na raba biyu, na ƙulla rabi a ɗankwalin. Gorar har lanƙwasa take da na ɗaga ta. Na san daga ranar waken ba zai kai sallah ba, bai kuma kai ba.

Alala guda na rage. Aka kira salla, na dire ta gaban Inna da maganinta a gefe.

"Wannan kuma wallahi a gabana za ki cinye ta."

Ta gutsura, ta tauna da dasashi a hankali, tana kallon katanga.

"Gishiri bai ji ba," in ji ta. "Gobe ki ƙara. Yaran can ba su son lami."