Taga a Ƙarƙashin Kujerar Baya

A gidanmu ba a sa lauje a gonar riɗi sai Baba ya ce a sa. Haka na tashi na tarar. Duk shekara idan damina ta ɗauke, ganye ya fara rawaya daga ƙasa, sai ya bar garin Gadarif, inda muke zaune, a motarsa ya nufi gonarmu ta wajen Basunda, ya ratsa cikin shuka, ya tsinko ƙwanso ɗaya ya murza a tafin hannu, ya kai baki. In ya ce gobe, to gobe ne. 'Yan aiki suna zaune a inuwa da laujensu, ba mai motsawa. Wanda bai san riɗi ba zai ce son iko ne kawai. Amma in aka yanke shi ɗanye ba ya ba da mai, in kuwa aka makara da kwana biyu ƙwanso ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar ƙasarmu, kuma ba mai tsinto ta daga nan.

A shekarar da nake magana, idanun Baba sun riga sun yi hazo. Ni autarsa nake tuƙa shi, don na koyi mota ne saboda shi. Yayana, wanda ke kula da 'yan aiki, ya roƙe shi ya zauna a gida ya huta, Baba ya ƙi. Da ƙyar suka daidaita: Yaya zai riga mu tafiya a babbar mota, ya jira mu har azahar ɗin Alhamis. In ba mu iso ba, shi zai ce a yanka. Baba ba ya iya hawan babbar mota saboda ciwon baya, don haka in motarsa ba ta tashi ba, to bana ba shi ba gona. Na san abin da wannan ke nufi a wurinsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Motar tsohuwa ce, da fara ce, rana ta mai da ita kalar kunun gyaɗa. Baba yana sonta, amma bai taɓa ƙosar da ita ba. Galan ɗaya na mai yake zuba mata, daidai tafiyar da za a yi, sauran ya bi da shi a jarka a bayan mota. Haka yake ba wa 'yan aiki iri lokacin shuka, kaɗan-kaɗan, wai abin da ya yi yawa a hannu zubewa yake. Sau biyu tana mace mini a tsakiyar kasuwa, masu keken jaki suna yi mini dariya. Ran Talatar makon tafiyar haushi ya ci ni, na ɗauke ta ba tare da na gaya masa ba, na sa aka cika tankin har baki. Na dawo gida ina jin kaina kamar na yi wata jarunta.

Laraba da hantsi muka loda ruwa da garin dawa, Baba ya zauna a gefena, na murɗa makulli. Kafin in ƙarasa ya ɗaga hannu.

"Dakata, Auta. Ba ta yi kukanta ba."

Akwai wani ɗan ƙugi da motar ke yi daga baya da zarar an murɗa makulli, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, na ɗan lokaci sai ya yi shiru. Ni ban taɓa kula da shi ba. Shi kuwa kullum sai ya saurare shi kafin ya tayar. Na sake murɗawa, injin ya yi ta juyi, bai kama ba.

Na kira makaniken unguwarmu, wanda kowa ke ce wa usta, sa'an Yaya ne. Ya zo da jakar kayansa, ya kwanta a ƙasan motar, ya ce in riƙa murɗawa yana dukan tankin da takalminsa. Shiru. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce turumba ce ta mutu, wato famfon da ke tura mai zuwa inji. A cikin tankin take zaune, man ne ke sanyaya ta, kuma wannan ta yi shekaru tana aiki da ƙishirwa. Ban ɓoye ba, na ji daɗi laifin ya faɗa kan Baba, har na ɗan kalle shi. Sai usta ya tambayi man da ke ciki, na ce a cike take.

Ya ce da babu mai a ciki da ya gwada sauke tankin. Yanzu sai an tsiyaye shi tukuna, sannan a yi fama da kusoshin da laka ta shekaru ta mai da su tsatsa, in ɗaya ya karye aiki ya koma na kwana uku. Shi ke nan, laifi ya rabu biyu tsakanina da mahaifina, kowa ya ɗauki nasa.

Akwai wata hanyar, in ji usta, amma ya faɗe ta a hankali don ya san mai motar. A cire kujerar baya, a yanka taga a ƙarfen ƙasa daidai saman turumbar, a zaro ta ta nan. Wasu motocin da tagarsu ake ƙera su, wannan ba ta da ita. Na tabbata Baba zai ƙi, mutumin da ko ƙofa ka rufe da ƙarfi sai ya yi kwana yana mita. Sai Baba ya tambaya wanne ya fi sauri. Usta ya ce yankan.

"Halas, shi ke nan, yanka ta, ya usta," in ji Baba.

Usta ya cire wayar batir, muka ciccibi kujerar muka ajiye a gindin darbejiya. Abin da muka tarar a ƙarƙashinta ya sa na tsuguna. Riɗi ne da dawa na shekara da shekaru sun cika kowace kusurwa, da ƙwallayen dabino, da ɗan kunne ɗaya na Inna, mahaifiyarmu mai rasuwa, wanda ta yi wata guda tana zargin mu da ɓatar da shi. Na sa shi a bakin zanena ban gaya wa kowa ba, na ɗauko tsintsiya na share wurin.

Saura sanin inda za a yanka. Ƙarfe ne shimfiɗe, ba alama ko ɗaya, kuma tsakaninsa da tankin bai fi yatsa biyu ba. Usta yana ta aune-aune daga ƙasa, sai Baba ya ce a kama masa hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kwantar da kunne, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa, taku-taku, yadda na ga yana yi a gona in yana neman bakin matmura, ramin da muke binne dawa a ciki, bayan ciyawa ta rufe wurin. Ya daɗe a haka, idanunsa a rufe. Can ya dafa wani wuri ta hagu ya ce daga nan kukan ke fitowa.

Ba a kawo injin yanka kusa ba, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da mu duka. Usta ya shafa giris a bakin cizal, wato kurfi, ya huda ɗan rami da bugu ƙanana, sannan ya bi da almakashin kwano ta gefe uku ya lanƙwaso ƙarfen sama. Rabin murfin turumbar ne ya bayyana. Baba ya kauce da kamar yatsa uku. Usta ya ƙara yanka, da Baba ya tambaya ya ce masa daidai ne, ya Haj. Ya zare bututun mai da wayoyi, ya kwance zoben murfin da katako da guduma, ya ɗago turumbar a hankali tana ɗiga. Rariyar da ke bakinta ta yi baƙi ƙirin.

Irin turumbar babu a garin. Usta ya yi ta waya har aka samo wata a wurin wani abokinsa a garin Shuwak, sai dai ba za ta iso ba sai a motar gobe.

Yinin nan na fi tunawa da shi fiye da komai. Kafin usta ya toshe bakin tankin, na leƙa ciki. Man na kwance shiru kamar ruwan rijiya, ga fuskata a kai da ɗan yankin sama. Ƙamshinsa ya hau mini kai, komai ya yi nisa-nisa. Na fito na tarar da Baba zaune a kan kujerar motar a gindin bishiya, kamar ana tafiya da shi. Na zauna kusa da shi a wurin Inna. Ya fara ba ni labarin kakansa da ya taso daga yamma a ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan don ya yi noman damina ɗaya ya samu guzuri. Ya ce daminar nan ɗaya ce har yau muke cikinta. Inuwa tana ta matsawa, kurciya na kuka, ni kuwa ina jin kamar kujerar ta tashi da mu tana ratsa gonaki, riɗi na kaɗawa dama da hagu. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni a kafaɗarsa ba, sai kiran la'asar na ji.

Turumbar ta iso Alhamis bayan azahar. Ba wanda ya ambaci lokaci. Usta ya ɗaura ta, ya kwantar da ƙarfen ya liƙe gefensa, muka mayar da kujera. Na murɗa makulli, ƙugin ya dawo, Baba ya gyaɗa kai. Na tambaye shi ko har yanzu za mu je, ya ce ai an riga an loda ruwa. Muka kwana a gida, Juma'a da sassafe muka kama hanya.

Tun daga nesa na hango gonar. An yanke fiye da rabi, an jingina riɗin dami-dami a tsaye yana shan rana. Na rasa yadda zan gaya masa. Ashe ba sai na faɗa ba, ya ji ƙarar lauje. Yaya ya taho da sauri ya durƙusa, ya fara bayani, Baba ya ce a kai shi wurin dami. Na riƙe hannunsa muka tsallake tsagar ƙasa. Ya laluba ya tsinko ƙwanso, ya murza, ya kai baki. 'Yan aiki duk sun tsaya, Yaya kansa na ƙasa.

Ya daɗe yana taunawa.

"Ka yi daidai," ya ce. "Da ni ne ma, jiya zan ce."

Baba ya kakkaɓe tafin hannunsa a riga, ya ce in mai da shi inuwa, 'yan aiki su ci gaba. Da shekara ta zagayo, ganye ya fara rawaya, na wanke motar na zo na ce masa a shirye nake. Ya ce in je in kai wa yayana ruwa, shi yana nan.