Gafakokin Mahaifina a Babban Ginin Jami'a

Duk sa'ad da ruwan farko ya sauka, ƙanshin tsohuwar fata kan taso daga gafakokin da ke ɗakina, sai in tuna zauren mahaifina a Illela, Allah Ya jiƙansa. Ginin laka ne mai sanyi, amma a nan ake yanke kowane al'amari na karatu. Ɗalibi ya zo daga Dogarawa da buzunsa, a nan ake karɓarsa, a nuna masa makwanci da gonar da zai taya nomewa. A nan kuma ake sallamarsa bayan shekaru.

Mahaifina yana da sharaɗi guda: ba ya miƙa littafi ga wanda bai karance shi a gabansa ba, daga bismilla har tammat. A kan wannan wasiyya ya bar mini littattafansa.

'Ya'yana fatauci suka bi a bakin iyaka. Da na ga gara ta soma cin gefen takardun, na ɗaure su, na hau mota zuwa jami'a don in ba su ajiya. Aka nuna mini babban ginin da shugabanni ke zama, aka ce tun kafuwar wurin, mai shiga karatu da mai fita duk ta nan takardarsu ke bi. Na ce a raina, ashe wannan ne zaurensu. Na tuɓe takalma.

"Baba, maida takalminka," in ji mai gadi yana dariya. "Nan buro na, ofishin manya, ba masallaci ba."

Sakataren wurin ya karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi. Ya ce suna da ɗakin da gara ba ta shiga, in sa hannu kawai.

Na ce, "To, wa zai zauna ya karance su a gabana?"

"Haba Malam, wa ke da wannan lokaci? Mu dai ajiya muka iya."

Na ajiye alƙalamin da ya miƙo mini. Na yi godiya, na komo da kayana.

Mai karatu, har yau ban san ko amana na riƙe ko taurin kai ba. A da, karatu daga baki yake zuwa kunne. Yanzu an sama masa ɗaki, an rasa masa ƙirji. Bana na tarar gara ta cinye rabin littafin fiƙihu. Ina cike gurbin da ka, ido ya dushe, kuma babu sauran wanda zai ce mini, "Malam, nan ka yi kuskure."