Kaska a Jinin Baba Ilu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni kasuwar dabbobi ta Alaba Rago a Legas ba, ana saura kwana uku Babbar Sallah. Har yau in ƙamshin ruwan sama ya haɗu da na dussa, can nake komawa. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin unguwa a Agege, an ba mu sabon kayan gwaji. Za a ɗiga jini a ɗan gilashi, a rina shi, a sa ƙarƙashin madubin da ke maƙale a waya, ita kuma ta nemo ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Aka kawo mini Baba Ilu, dillalin raguna, jiki kamar garwashi. Ya ƙudura cewa da la'asar zai hau tirela zuwa Sakkwato, kwana biyu a hanya, ya yi Sallah cikin iyalinsa. Waya ta nuna ƙwayar ta yi masa yawa. Na ce, "Baba, tafiyar nan tana iya zama ajalinka."

Ya yi dariya. "'Yar nan, ni za a gaya wa waya? In na durƙusa na ɗauki hoton ɗan rago daga ƙasa, mai saye a Ikeja sai ya rantse bijimi ne. Ba a sanin girman dabba sai an tsayar da wata kusa da ita."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Sai na soki yatsana, na gwada nawa jinin a gabansa, na jera masa hotunan biyu.

Ya daɗe yana kallo. Yayyafi na sauka a rumfa, kukan raguna kamar daga wani gari yake zuwa. Ni ma na shagala, ƙwayoyin jinin suka koma mini tumaki kwance a fadama da hantsi. Na manta kasuwa muke.

"Naki garken lafiya lau," ya ce a hankali. Ya ɗora yatsa kan ɗigo-ɗigon da ke cikin nasa. "Nawa kuwa kaska ta kama."

Ya aika wa direba kada ya jira shi. A gadon asibitinmu ya yi Sallah, yana mitar rashin tuwo. Bayan mako ya tafi gida da ƙafarsa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, waya za ta gano cuta kafin shayi ya huce, amma mutum da ma'aunin da ya saba yake yarda. Hoton jinina yana nan ban goge ba. Duk wanda ya yi gardama, sai in jera masa shi da hoton jininsa, in tsayar masa da garkena kusa da nasa.